Awon Hannun Lawali

Na je Kano na dawo. Kwana uku na yi. Abin da na sayo, in na dunƙule hannu a kansa ba ka ganinsa.

Tun da na dawo, duk wanda ya kawo mini taya faci sai ya tambaye ni yadda aka yi. Ban ga laifinsu ba. Shekara biyu ina zaune bakin titin Bungudu ina gyara wa mutane ƙafar mota su yi gaba, ni kuwa ko Gusau sai ta kama dole. Kowa ya san na rantse ba ni ba hanyar Tsafe. To na gaji da maimaitawa. Ga shi nan sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Lawali tela ne, mutumin Furfuri. Ban san shi ba sai ranar da ɓarayin daji suka tare motarmu gaba da Tsafe. Suka ɗaure mu biyu-biyu. Hannuna na hagu da nasa na dama, igiya ɗaya, kwana arba'in da 'yan kai. Suna kiran mu Hassan da Usaini. Ni ne Hassan, don na girme shi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Ni na fito da hannuna. Nasa ya fito a lanƙwashe kamar ƙafar kazar da aka yanka. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun mutu, sauran ukun suna motsi amma ba sa miƙewa. Ya koma Damba, gefen Gusau, gidan yayarsa Hajiya Balki, aka lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zane.

Ba ɗinkin ne ya fi damun Hajiya ba. Abinci ne. Lawali ba ya iya yanko loma da dama, cokali ma kufce masa yake, kuma ya ce gara ya mutu da a gan shi yana ci da hagu. Sai a kai masa kwano ɗaki ya rufe ƙofa. Kwanon ya fito kusan yadda ya shiga. Mutum ya zama kara. A asibiti wata mai gashin ƙashi ta ce in bai riƙa motsa yatsun nan uku ba su ma za su bi 'yan'uwansu. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ce shi ba jariri ba ne. Ƙwallon yana kan rufin maƙwabta har yau.

Mijin Hajiya ma'aikaci ne, yana da kwamfuta, a cikinta akwai gem na harbe-harbe. Wata rana Lawali ya leƙa ya gani, sai ya ja kujera ya zauna. Mutumin da ya yi kwana arba'in bindiga tana kallon ƙeyarsa, abin da ya tashe shi zaune shi ne bindigar ƙarya. Allah mai iko.

Gem ɗin da mawus ake buga shi. Wani ɗan abu ne da ake ɗora hannu a kai, a ja shi bisa tebur, a danna da yatsa. Mai gashin ƙashi da ta ji ta ce madalla, wannan ya fi ƙwallo, a bar shi ya buga. Amma na gidan ba ya zama a hannunsa. Hajiya ta aika ta waya aka kawo mata wanda aka ce shi ne na manya. Ya zo ƙato, yana fitilu ja da kore kamar motar amarya. Lawali ya yi kwana biyu yana fama, hannun bai iya hawansa ba, wuyan hannun ya kumbura. Rana ta uku ya maka shi da bango. Ya koma shimfiɗa ya juya wa duniya baya.

Kwana goma da haka Hajiya ta kira ni.

"Malam Garba, Usaininka za shi kashe kainai da yunwa."

"Mi za ni yi?"

"An ce Kano akwai iri-iri, kowa da daidai hannunai. Maigidan ba shi da hutu, ni kuwa ka sani."

"Gusau fa?"

"Je ka duba."

Na duba. Na bi shaguna tun daga kasuwa har bakin tasha. Duk iri ɗaya, girma ɗaya, kamar kwanon awo. Wani mai shago ya ce mini hannu ai shi ke bin mawus, ba mawus ke bin hannu ba. Na ce masa wannan hannun ya gama bin abin da zai bi.

Na koma Damba na ce wa Hajiya za ni. Ba ta tuna mini rantsuwata ba, ni ma ban tayar ba. Ta shiga ɗaki ta fito da tsinken tsintsiya guda, an karya shi daidai.

"Ga awon."

Haka muke yi a gida. In za ka kasuwa sayo wa wani takalmi, sai a auna ƙafarsa da tsinke ko kara a ba ka. Ba wanda ya taɓa kuka da wannan.

"Ya yarda kin auna?"

"Ina! Na daman kullum yana cikin riga. Na hagu na auna yana barcin rana. Hannu ai hannu ne, Allah bai yi ɗaya ya ɗara ɗaya ba. Kuma na ƙara kaɗan, kada ya matse shi."

Na ga maganarta da hankali. Na soka tsinken a aljihun gaba. Ta ƙulle mini hoce a leda na hanya.

Da safe na shiga mota a tashar Gusau, ƙaramar Golf, mu huɗu a baya. Kusa da ni wani Alhaji ne dillalin albasa, mai haƙorin Makka. Rabin kujerar nasa, rabi namu mu uku. Kafin mu fita gari na san farashin albasa ya lalace, surukinsa azzalumi ne, kuma shi bai taɓa jin tsoron ɓarayi ba, don yana da abin da yake da shi a ɗamara.

Muna wuce Kwatarkwashi direba ya kashe rediyo. Wanda bai san hanyar nan ba ba zai gane ba. Ba a kallon daji. Titi ake kallo. In motoci suna tahowa daga gaba, hanya lafiya. In aka jima ba a ga ko ɗaya ba, sai direba ya gangara gefe a jira. Kowa a motar ƙirga motoci yake a zuci. Alhaji mai ɗamara ya ciro carbi, bakinsa ya mutu.

Muna shiga Tsafe taya ta sace. Na bar faci a gida, faci ya biyo ni. Aka tura motar wurin wani mai faci, na tsaya ina kallonsa. Bai kankare wurin ba ya shafa gam. Na daure. Ya ɗora faci gam bai sha iska ba. Na kasa daurewa.

"Malam, wanga facin ba shi kai mu Yankara."

"To kai ka yi mana, injiniya."

Na cire riga na rataya a ƙofar mota na durƙusa. Ba don shi ba. Na san inda tayar za ta sake sacewa in an bar ta haka, kuma na san wurin ba wurin tsayawa ba ne.

Da na gama na miƙe, sai ga Alhaji jingine da mota, ya gama da tsiren da ya saya, yana sakace haƙorin Makka. Na dubi abin da ke bakinsa. Na dubi aljihun rigata.

"Alhaji, ina ka samu wanga tsinke?"

"Aljihunka. Kaɗan na karya, Allah ya saka da alheri. Naman Tsafe duk jijiya ne."

"Ka karya hannun Lawali."

Ya waiga dama da hagu yana neman Lawali. Wata tsohuwa da ke gaban mota ta fara salati. Ban tsaya bayani ba. Na zare guntun daga bakinsa, na wanke a ruwan gwajin taya, na yanki siririn tsohon tub na haɗa shi da uwarsa na ɗaure. Abin da Alhaji ya tauna ya riga ya tafi. Na ce shi ke nan, ƙarin da Hajiya ta yi ne ya ci.

Gaba da Tsafe akwai wata tsamiya a hannun hagu, inda titi ya ɗan karkata. Nan ne. Tana nan, ta ma ƙara ganye. Wani ya shuka gero har gindinta. Na zaci zan ji wani abu babba. Abin da na ji fitsari ne kawai, na riƙe har Funtua.

A Yankara Zamfara ta ƙare, Katsina ta fara. Allo ne kawai a bakin titi. Ramukan hanya ba su san an canja jiha ba. Akwai shinge, wani mai bindiga ya leƙo ya ce kowa ya buɗe kayansa. Ya ga tsinke ɗaure da baƙar roba a aljihuna.

"Baba, wannan laya ce?"

"Awo ne."

"Na me?"

"Na hannu."

Ya daɗe yana kallona. Ya ga dai ba a kama mutum da laifin tsinke. Ya ɗauki hoce biyu a ledata ya ce mu wuce, Allah ya tsare. Na ce amin, tun da dai shi ya bar wa Allah aikin.

A Funtua mutane suka dawo da numfashinsu. Bakin Alhaji ya tashi daga matattu, ya shiga ba masu shayi labarin yadda ya kwantar wa 'yan mota da hankali a hanya. Na ci shinkafa da wake, wake uku na gani. Da za mu rabu ya ba ni goro fari, ya ce a gaida Lawali, a ce masa Allah ya ɗora. Na canja mota. Daga nan har Kano direba bai kashe rediyo ba, mutane har barci suke yi a mota, baki buɗe. Na daɗe ban ga irin wannan wadata ba.

Na sauka wurin Isiya, mutumin Kekun Waje, mun yi kiwo tare muna yara. Yanzu hatsi yake sayarwa a Dawanau. Ya shimfiɗa mini tabarma bisa buhunan dawa a sito. Na zura hannu na ɗebo na duba, irin tamu ce. Gonata na can ba na iya zuwa, ga ni kwance kan dawar garinmu a garin wasu. Na yi barci sosai.

Kanawa mutanen kirki ne, amma gaisuwarsu gajera ce kamar wandon ɗan ƙwallo. A gida sai an tambayi iyali, gona, bisashe, sannan a ce ya hanya, kuma a tsaya a ji amsa, don tambaya ce ta gaske. Can sai ka ji "Ya gari?" kafin ka buɗe baki mutum ya tsallaka titi. In kuwa suka ji ka ce Zamfara, sai a matso.

"Wai da gaske ne abin da ake faɗa?"

"Wanne?"

Daga nan sai a saya maka shayi.

Da safe Isiya ya kawo gurasa. Burodi ne da aka zauna a kansa, aka yayyafa ruwa, aka barbaɗa ƙuli da yaji da mai. Na raina ta. Na ci uku.

Ya sa ni a adaidaita sahu, ya gaya wa mai tuƙin inda zai sauke ni, kasuwar masu kwamfuta. Aka nuna mini wani shago a saman bene. Na hau na tarar da ƙatti biyar, wasu har da furfura a gemu, kowa ya toshe kunnuwa da wani abu kamar faifai biyu, sun ƙura wa kwamfuta ido suna harbi. Na yi sallama sau uku. A gida wanda bai amsa sallama ba, ko kurma ne ko gawa. Sai a ta huɗu wani mai tumbi ya fito daga bayan kanta ya amsa. Shi ne mai shagon, Nasiru.

"Baba, me ake nema?"

"Mawus na gem."

"Na ɗanka?"

"Na magidanci."

Na ciro tsinken na ajiye a kan kanta. Ya dube shi. Ya dube ni.

"Wannan fa?"

"Awon hannunai."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya taɓo ɗaya daga cikin kuramen nan ya nuna masa, shi ma ya fashe.

"Baba, takalmi ka zo saya? Har da faci!"

"Wani Alhaji ya ci."

Da ya gama dariyarsa ya ɗauko tef irin na teloli ya gwada tsinken. Ya faɗi wata lamba, ya ce babban hannu ne wannan. Ya shiga ciki ya fito da kwali ya buɗe. Ƙato, da fitilu ja da kore.

"Wannan ai an yi jana'izarsa a Damba," na ce. "Da bango ya haɗu."

Sai ya daina wasa kaɗan. Ya ce to tsawo ba shi ne duka ba, yaya mutumin yake riƙewa? Na ce da hannu. Ya ce ya sani, amma riƙo iri uku ne. Ya ɗora tafinsa gaba ɗaya ya kwantar a kan ƙaton nan, yatsu a miƙe, kamar mai dafa kan maraƙi. Ya ce mai wannan riƙon shi ke son babba mai tudu, ya cika masa hannu. Sannan ya ɗaga tafin sama, kan yatsu kawai ke taɓawa, kamar mai ɗaukar dankali daga wuta. Ya ce wannan ƙarami yake so, mara nauyi. Na ukun ya kafa gindin tafi a baya, ya ƙanƙare yatsu suka tsaya a kan farce. Ya faɗi sunansa da Turanci, ya ce ma'anarsa riƙon shaho.

"In ka ba mai wannan riƙon abin wancan, kwana biyu hannu zai kumbura. To naka wanne ne?"

"Ban taɓa ganin yana bugawa ba."

"Kira shi mu tambaye shi."

"Ba shi magana."

"A ɗauko hoton hannun a turo."

"Ba shi nunawa. Wanga ma na hagu aka auna, yana barci, aka ƙara kaɗan. Na daman ya lalace."

Nasiru ya dafe kai da hannu biyu.

"Baba! Kun auna lafiyayye kun zo saya wa mara lafiya? Har da ƙari? Wallahi ka yi tafiyar banza."

Na zauna a benci. Na tuna tsamiyar nan, da cewa gobe sai na sake wuce ta. Na tuna kwanon da ke fitowa daga ɗakin Lawali. Ina da wata al'ada, in abu ya tsaya mini sai in riƙa murza wuyan hannuna na hagu. Ina cikin murzawa na tsaya.

"Kawo hannunka," na ce wa Nasiru.

Ya miƙo yana murmushi. Na kafa gindin tafina a wuyan hannunsa. Babban yatsa ta wannan gefe, manuni da na tsakiya ta wancan, a ƙanƙare, farce a ciki. Ƙananan biyun na naɗe su. Na matsa.

"Wayyo! Baba, lafiya?"

"Haka yake riƙewa."

"Ka ce ba ka taɓa gani ba."

"Ban gani ba. Na ji."

Ranar da aka sake mu an kwance igiyar tun da hantsi, aka nuna mana gabas aka ce mu tafi. Lawali ya kasa tafiya ba igiya. Ƙafarsa ta saba da tawa. Sai ya kama wuyan hannuna da wannan hannun nasa, bai saki ba har la'asar, har muka ga kwalta. Faratansa na kwana arba'in, fatata kuwa igiya ta riga ta cinye ta. Wannan kaɗai na gaya wa Nasiru. Sannan na naɗe hannun riga. Ƙasa da zoben igiyar akwai tabo uku, ɗaya nan, biyu can.

Nasiru ya matso ya duba. Ya ɗauki tef ɗinsa ya auna daga tabon babban yatsa zuwa na manuni. Ya sake aunawa. Na lura ƙattin nan sun cire abin kunnensu. Ashe suna ji.

"Riƙon shaho ne," ya ce a hankali. "Kuma ba ya buɗewa da faɗi. Siriri yake so, gajere."

Ya fito da guda uku. Na ce tsaya. Na ciro ragowar tub a aljihu na naɗe ƙananan yatsuna biyu na ɗaure, hannun ya koma irin na Lawali. Na farko shimfiɗaɗɗe ne, gindin tafi ba ya samun abin jingina. Na biyu ya zauna, amma nauyi gare shi, kuma sai ka danna da ƙarfi kamar kana kashe kwarkwata. Wani mai furfura a cikin 'yan gem ɗin ya ce yatsan da ba shi da ƙarfi ba zai jure wannan ba, a ba shi na ukun. Na ukun gajere ne, da ƙusumbi a baya, tsakiyarsa a tsuke. Ba shi da nauyi, kamar busasshen ludayi. Kana taɓa shi ya amsa. A gefe akwai maɓalli biyu daidai babban yatsa. Nasiru ya ce aikin da matattun yatsun za su yi, sai babban ya karɓa. Na ce babban yatsan Lawali yana da ƙarfi, ni shaida ne.

Sai na ga wata doguwar waya ta fito daga hancinsa.

"Ba igiya," na ce.

"Baba, mai waya ya fi sauƙi, ba ruwanka da caji, kuma..."

Idonsa ya sauka a wuyan hannuna. Ya mayar da shi kwali, ya shiga ciki ya ɗauko ɗan'uwansa mara waya. Baƙi ne, ba fitila, ba ado, mummuna kamar buzuzu. Hajiya ta biya ta wayarta.

Kafin in tafi suka ce sai na gwada. Suka zaunar da ni, suka toshe mini kunnuwa. Aka kashe ni sau uku ban ma gano inda bindigata take ba. Na ce musu wannan gem ɗin wanda ya yi shi ya san duniya. Bambancin ɗaya ne, a nan in an kashe ka sai ka tashi ka sake. Nasiru ya raka ni har ƙasan bene, ya ce in gaida mutumin. Ya ce ya hanya za ta kasance. Ya tsaya ya ji amsa.

Washegari na kamo hanya da gurasa a leda. Ba abin da ya faru. Motoci suna ta tahowa daga gaba. Da muka zo tsamiyar na dube ta sosai. Tsamiya ce.

Na isa Damba bayan azahar. Lawali yana kwance, fuska a bango.

"Usaini."

Bai juyo ba.

"Na tahi Kano."

Ya juyo. Idanun sun faɗa.

"Ta wace hanya?"

"Hanya nawa ce?"

"Kai mahaukaci ne, Hassan. Ba ka rantse ba?"

"Azumi uku ne. Tashi."

Na ajiye buzuzun a kan tebur. Ya dube shi daga kwance.

"Wanga ƙanƙanen abu? Wa ya auna ni?"

"Hajiya ta auna na hagu da tsinke. Wani Alhaji ya ci."

"To?"

Na naɗe hannun riga na miƙa masa. Shekara biyu bai taɓa gani ba, ni ma ban taɓa nunawa ba. Ya daɗe yana kallon tabon nan uku.

"Ni na yi wannan?"

"A'a, sauro."

Ya tashi zaune. Ya ja jiki zuwa kujera. Ya zaro hannun daga cikin riga, ni kuwa na shiga duba silin, ko yana yoyo. Da na sauko da ido hannun yana bisa abin. Gindin tafi ya samu ƙusumbi, yatsu uku sun sauka inda aka yi dominsu. Mijin Hajiya ya kunna masa. Bai yi minti ɗaya ba aka harbe shi.

"An kashe ka," na ce.

"Na gani. Bari in tashi."

Kada wani ya ce na ce ya warke ran nan. Gurasar ma a ɗaki ya ci, ƙofa a rufe. Amma Hajiya ta ce kullum yana kan kujerar, yana zagin mutanen cikin kwamfuta da iyayensu. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin ashar ba sai bana.

Juma'a ta huɗu na je bayan an sauko daga masallaci. Hajiya ta turo tuwon dawa da miyar kuka, kwano ɗaya, ba ta tambayi kowa ba. Na wanke hannu. Lawali ya dubi kwanon, ya dubi ƙofa. Sannan ya wanke na dama. Ya kafa gindin tafi a bakin kwano, babban yatsa nan, biyu can, ya yanko. Rabi ya faɗi kan tabarma. Rabi ya kai baki. Bayan labule na ji Hajiya tana jan hanci.

"Mi kaka kallo?" ya ce mini. "Ci abincinka."

Na ci.

Yatsu biyun da suka mutu suna nan a mace. Keken ɗinki yana nan cikin zanensa. Na yi azumina uku. Tsinken Hajiya na rataye shi a ƙusa cikin rumfata, da facinsa, wanda bai yarda ba ya zo ya gani. Ina nan Bungudu bakin titi, ƙarƙashin dalbejiya, kwana shida a mako. Ran Juma'a kada a kawo mini taya. Ina Damba, ina cin tuwo.